Hantar ɓerayena ta yi fari fat da kitse awa 24 bayan tiyata, ko aikin ya ɓaci ne?

'Yar Funtuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halitta a wata jami'a a ƙasar waje, kuma bincikena a kan yadda hanta ke sake tofowa ne a jikin ƙananan ɓeraye, baƙaƙen nan da ake kira C57BL/6. Mukan shaƙa musu maganin barci, mu buɗe ciki, mu ɗaure babban sashen hagu da sashen tsakiya na hanta da zaren siliki, mu yanke. Abin da ake cirewa ya kai kashi biyu cikin uku na hantar.

Ga abin da ya hana ni barci. Da na buɗe rukunin farko bayan awa 24, sai na tarar ragowar hantar ta sauya kama. Jan nan mai duhu ya tafi, ta koma fari-fari mai ratsin ɗorawa, ta yi laushi har almakashi na shiga ba wani ƙarfi. Na yanka ta siriri na zuba rinin da ke kama kitse, sai ga ƙwayoyin hantar cike da ɗigo-ɗigon ja, ba masaka tsinke. Sukarin jinin ɓerayen ya faɗi, ALT, enzayim ɗin da ke zuba cikin jini in hanta ta ji rauni, ya yi sama sosai. Rinin Ki67 kuma, wanda ke nuna ƙwayar da ta shiga shirin rabuwa, da ƙyar na ga ɗaya nan ɗaya can. Alhali littafin da na yi karatu da shi a gida cewa ya yi a awa 24 ne kwafin DNA ke kai ƙololuwa.

Shin hantar ce take mutuwa a hannuna? Akwai wanda ya ba ni shawarar in riƙa zuba musu sukari a ruwan sha don tausayi, kuma zuciyata ta karkata ga hakan, domin ganinsu a takure a kusurwar keji yana taɓa ni. Sannan tambayar da ta fi damuna tun asali: wa ke sanar da hanta cewa an rage ta? Ba ta da ido, ba ta da ma'auni. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, hantar nan lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. Littafinki ma bai yi ƙarya ba, sai dai da babban ɓera yake magana, wanda jinsinsa daban ne da ƙananan naki, irin fararen Wista da ake kiwo a jami'o'inmu. A kansa Higgins da Anderson suka fara wannan tiyata a asibitin Mayo na Amurka a 1931, shi ya sa lissafinsa ya cika tsofaffin littattafai. A babban ɓera kwafin DNA na kai ƙololuwa a awa 24. A ƙaramin ɓera sai an kai awa 36 zuwa 48. Kin isa gona tun shuka ba ta tsaga ƙasa ba, shi ke nan.

Wannan bambancin lokaci a cikin ƙwayar kanta yake. A shekarar 2000 Weglarz da Sandgren, a Wiskonsin, sun dasa ƙwayoyin hantar babban ɓera a cikin hantar ƙarami, sannan suka yi masa tiyatar. Jini ɗaya ke ratsa su duka, abinci ɗaya suke samu, amma baƙin suka fara kwafin DNA a lokacin da suka gada, 'yan gida kuma suka jira nasu lokacin.

Ki kuma riƙe wannan da kyau, don ɗalibai da yawa na zamewa a nan: sassan da kika yanke ba za su taɓa dawowa ba. Ki buɗe ɓeran bayan wata guda, kututturen da kika ɗaure yana nan yadda kika bar shi. Ragowar sassan ne ke kumbura su ƙara yawa har nauyin ya koma kusan yadda yake, cikin kwana 7 zuwa 10. Nauyi da aiki hanta ke maidowa, siffar ta tafi ke nan.

To wa ke sanar da ita? Tun 1967 Moolten da Nancy Bucher suka haɗa jijiyoyin jinin ɓeraye biyu, suka yanke hantar ɗaya, sai ga hantar ɗayan da ba a taɓa ba ta fara kwafin DNA. Ashe saƙon a jini yake tafiya. Ki duba abin da ke faruwa daidai lokacin da kika ja zaren nan. Jinin da ke tasowa daga hanji bai ragu ba ko ɗigo, amma hanyar da zai bi ta koma sulusi. Kowace ƙwaya sai ta samu ninki uku na jini, da duk abin da ke cikinsa: insulin daga fankiriyas, furotin EGF mai sa ƙwaya rabuwa daga hanji, abinci, gishirin madaciya da ke dawowa, da ɓurɓushin ƙwayoyin cutar hanji. Cikin 'yan mintuna wani enzayim mai suna yurokines ya tashi, ya fara sassauta zaren furotin da ke ɗaure ƙwayoyin hanta da juna. A jikin zaren nan akwai HGF, wani furotin mai sa ƙwayar hanta rabuwa, a ajiye, yana kwance ba ya aiki. Da an sake shi aka gutsure shi, sai ya zama mai aiki, ya kama makarɓinsa mai suna MET a bangon ƙwayar hanta, duk kafin awa guda ta cika. A gefe guda ƙwayoyin Kuffa, masu gadin magudanan jinin hanta, suna zubo furotin masu kai saƙo, TNF da IL-6, su kuma su tayar da NF-kB da STAT3 su shiga cibiyar ƙwaya su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke barci. Marigayi Nelson Fausto ya kira wannan mataki shiri, wato a tashi ƙwayar da ta daɗe ba ta rabu ba, a sa ta saurari kira.

A 1996 ɗakin binciken Rebecca Taub a Filadelfiya ya nuna ɓerayen da aka cire wa IL-6 suna shan wahala bayan tiyata, hantarsu na ruɓewa wuri-wuri, amma allura ɗaya ta IL-6 kafin aiki tana gyara lamarin. Bayan haka aka yi ta cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, gishirin madaciya da makarɓinsa FXR, serotonin na ƙwayoyin daskarar da jini, da sauransu, kuma kusan kullum sakamakon jinkiri ne kawai, hanta ta bi wata hanya ta kai inda za ta. Sai a 2016, a ɗakin George Michalopoulos a Fitsbag, da aka toshe MET da makarɓin EGF a lokaci guda, tofowar ta tsaya cak, ɓerayen suka mutu kafin mako uku. A ganina wannan shi ne gwaji mafi muhimmanci a fannin nan cikin shekarun baya, domin ya raba mana ginshiƙi da mataimaka.

Abu na ƙarshe, kada ki ce ba abin da ke faruwa a awa 24 don Ki67 bai nuna ba. Ki auna faɗin ƙwayoyin. Miyaoka da abokan aikinsa a Tokiyo sun nuna a 2012 cewa ƙwayar hanta kan fara ƙara girma ne kafin ta rabu, har ta kai ninki ɗaya da rabi. Idan kashi 30 cikin 100 kawai aka cire, girman nan kaɗai ya isa, kusan ba a rabuwa. Ko a babbar tiyata irin taki, in aka raba lissafi, kowace ƙwaya ba ta kai rabuwa sau ɗaya cikakke ba.

Antin Ɗakin Gwaji ta amsa:

Malam ya gama magana a kan lokaci, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni kan sukarin nan zan tsaya, ƙanwata, don shi ne zai iya rushe miki aiki gaba ɗaya. Kada ki zuba. Na san tausayi ne, kuma tausayin dabba wajibi ne a kanmu, amma hanyarsa daban: allurar kashe zafi a kan lokaci, shimfiɗa mai ɗumi har su farfaɗo, ɗan ruwan gishiri mai ɗumi a ƙarƙashin fata, da jiƙaƙƙen abincinsu a ƙasan keji yadda ba sai sun miƙe ba.

Faɗuwar sukarin tana cikin saƙon. Kin cire kashi biyu cikin uku na rumbun gilaikojin, wato sukarin da hanta ke ajiyewa, ragowar kuma ya ƙare cikin 'yan awoyi. Da jiki ya ji sukari ya yi ƙasa, sai kitsen da ke ƙarƙashin fata da na ciki ya fara narkewa yana kwarara zuwa hanta. Shi ne kika gani da rininki. Yakan taru sosai tsakanin awa 12 da 24, sannan ya janye a kwana na biyu zuwa na uku. Hanta na ƙona shi ta samu ƙarfi, tana kuma gina bangon sababbin ƙwayoyi da shi, yayin da ɗan sukarin da take iya haɗawa take turawa ƙwaƙwalwa da jini. David Rudnick da mutanensa a Sent Luwis sun yi shekaru a kan wannan. A 2009 suka nuna cewa ɓerayen da aka ba ruwan sukari tofowar hantarsu na ja baya, domin furotin p21, mai taka wa rabuwa burki, yana ƙaruwa. Sun kuma ga ɓerayen da aka haifa da ƙarancin kitsen jiki su ma ba sa tofowa da kyau. Wannan kitsen na kwana ɗaya ba shi da haɗi da ciwon kitsen hanta na masu ƙiba, wanda ke zama shekara da shekaru.

ALT kuwa dole ya hau, kin taɓa hanta kin ɗaure ta. Abin lura shi ne ya sauko a kwana na biyu zuwa na uku. In ya ƙi sauka, ki duba ɗaurinki. Sashen tsakiya yana manne da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In zaren ya matsa kusa da ita, jini ya kasa fita daga ragowar hantar, za ki ga ta yi baƙi-baƙi ta cika tim, wani wuri da farin tabo mai iyaka kamar an zana. Wannan shi ne lalacewa ta gaskiya, kuma bai yi kama da farin da kika kwatanta ba, wanda ya bazu ko'ina daidai. Mitchell da Willenbring sun bayyana inda ya kamata zaren ya zauna a 2008. Ki tuna kuma ƙaramin ɓera yana da madaciya a tsakiyar wannan sashe, babba ba shi da ita, don haka duk yadda kika yi da ita a ɓera ɗaya, ki yi haka a sauran.

Sai maganar agogo. Ki riƙa yin tiyatarki a lokaci guda na yini, da safe ya fi. A 2003 wasu masu bincike a Kobe ta Japan sun yi wa ɓeraye tiyata a lokuta daban-daban. Kwafin DNA ya zo awa 36 bayan aiki a kowane rukuni, amma rabuwar kanta ta jira wani lokaci ɗaya na yini, saboda agogon jiki na juya wani enzayim mai suna WEE1 da ke tsare ƙofar rabuwa. In kika yi wasu da hantsi wasu da la'asar, lissafinki zai watse. Kuma ki tanadi ɓerayen da za a buɗe cikinsu a taɓa hantar a rufe ba a yanke komai ba, domin buɗe cikin kaɗai yana ɗaga IL-6.

'Yar Funtuwa ta sake rubutawa:

Malam, Anti, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na koma kan gilasan da na riga na yanka, na auna, kuma lallai ƙwayoyin awa 24 sun fi na sassan da na cire girma, da ido ma ana gani. Farin kuma a bazu yake, babu tabo mai iyaka. Ruwan sukari na fasa.

Amma Malam, in haka ne, me ke ce mata ya isa? Ƙwayar da ta koyi rabuwa ta ƙi tsayawa ai ita ce daji. Sannan akwai abin da ya sa na zaɓi wannan fanni. A danginmu mun rasa mutum biyu da ciwon hanta, duka ba su kai hamsin ba, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Ina kallon ɓera ya rasa kashi 70 cikin 100 ya warke cikin kwana goma, sai in rasa yadda zan haɗa wannan da abin da na gani a gida.

Likitan Ciki ya amsa:

Allah ya jiƙansu da rahama, Malama. Irin waɗannan marasa lafiya nake gani kowane mako, shi ya sa ba zan iya wucewa ban ce komai ba.

Ɓeranki yana warkewa ne don abin da kika bar masa lafiyayye ne, kuma sau ɗaya aka ji masa rauni. Hantar mutum ma haka take. Ana iya cire mata kaso mai yawa don ƙari ko don a dasa wa ɗan uwa, ta cike gurbin cikin makonni zuwa watanni, muddin ragowar mai kyau ce kuma ta kai kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Ciwon hanta nau'in B kuwa rauni ne na kullum, shekara ashirin ko talatin, sau da yawa tun daga haihuwa ko ƙuruciya. Ƙwayoyi na mutuwa, wasu na rabuwa su maye, a sake kashe su. Akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke ajiye bitamin A a hanta. A ɓeranki su ne ke ba da HGF, su taimaka a sake shimfiɗa magudanan jini. In rauni ya ƙi ƙarewa sai su rikiɗe su koma masu saƙa tabo. A ƙarshe hantar ta zama ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ƙoƙarin tofowa ne da tabo ya kewaye shi, jini ba ya ratsa shi yadda ya kamata. Daga nan ruwa ke taruwa a ciki. Ga kuma gubar afalatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, wadda ke lalata ƙwayar gado ta p53 mai tsaron DNA. In ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin dajin hanta na ninkuwa sosai, kuma mu a yankinmu duka biyun muna da su.

In kina son gwajin da ya fi kusa da abin da ke zuwa mana asibiti cikin gaggawa, ki karanta na farasitamol. A nan ba a yanke komai. Maganin in ya yi yawa, enzayim CYP2E1 na juya shi ya zama guba mai suna NAPQI, ta cinye gulutatayon ɗin hanta, ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyar tsakiya su mutu, na kusa da su su rabu su cike wurin bayan an kwashe gawarwakin. Babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, kuma mutanenmu kan haɗa shi da maganin mura da na ciwon jiki da su ma akwai shi a ciki ba su sani ba. Roƙona gare ki, ki sa 'yan gidanku duka su yi gwajin nau'in B. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, wanda yake da shi a bibiye shi, akwai magani mai danne cutar. Jarirai kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, tana cikin jerin rigakafin Najeriya tun 2004.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Likita ya faɗi gaskiya, Allah ya ba da lada. 'Yata, Allah ya gafarta wa mamatanku.

Tsayawar ba umarni ɗaya ba ne. Da farko ki bi jerin aikin. Ƙwayoyin hanta su ke fara rabuwa, su taru gungu-gungu babu magudanar jini a tsakaninsu. Ƙwayoyin bututun madaciya da na Kuffa su biyo baya, sannan daga kwana na uku zuwa na shida ƙwayoyin bangon magudanan jini su rabu su kutsa cikin gungun, su mayar da shi layi-layi yadda yake a da. Su waɗannan na bangon jini suna da baki a lamarin tun farko: ɗakin Shahin Rafii a Niyok ya nuna a 2010 cewa suna zuba HGF da Wnt2 don tura ƙwayoyin hanta gaba. Da ginin ya kammala, aka sake saƙa zaren da yurokines ya sassauta, HGF ya koma ɗaure a jikinsa, jinin da kowace ƙwaya ke samu da gishirin madaciyar da take ɗauka suka koma daidai, dalilin kiran ya gushe.

Akwai kuma burki na musamman. An daɗe ana ɗora wa TGF-beta wannan aiki, don a kwanon gwaji yana hana ƙwayar hanta rabuwa. Amma yana fara hawa ne tun awoyin farko, lokacin da ƙwayoyin suka toshe kunne gare shi, kuma ɓerayen da aka cire wa makarɓinsa a hanta sun tsaya duk da haka. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne saƙon da ke zuwa daga zaren kansa. A 2009, a Fitsbag, an cire wani furotin mai suna ILK, wanda ke sanar da ƙwaya cewa ta zauna daram a kan shimfiɗarta. Bayan tiyata hantar waɗannan ɓeraye ta zarce nauyinta na asali da fiye da rabi. A 2007 kuma Duojia Pan a jami'ar Johns Hopkins ya kunna furotin YAP a hantar ɓera ya bar shi a kunne. Hantar da ke kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki ta kai kashi 25 cikin makonni huɗu. Da aka kashe YAP ɗin ta koma girmanta, da aka bar shi ya daɗe sai daji ya fito. Tsoronki yana kan hanya, tofowa da daji ƙofa ɗaya suke bi, burkin ne ya raba su.

Ma'aunin kuma jikin dabbar ne gaba ɗaya. Mutanen Thomas Starzl sun dasa hantar ƙaramin kare a jikin babba, ta girma har ta dace da sabon mai ita, sannan ta tsaya. Don haka duk lokacin da za ki rubuta nauyin hanta, ki raba shi da nauyin ɓeran a ranar, kada ki kawo shi tsura, domin ɓerayen kan rame a kwanakin farko.

In ni ne, zan ɗauki samfur a awa 6, 24, 36, 40, 48 da 72, sannan kwana 7 da 14. Tsakanin 36 da 48 ki matse sosai, nan ne kan tudun yake, kuma yana da saurin wucewa. Ki yi musu allurar BrdU, mai shiga sabon DNA ya nuna ƙwayar da ke kwafi, awa biyu kafin ki ɗauka, ki haɗa da Ki67 da saikilin D1, furotin da ke tura ƙwaya zuwa rabuwa, ki kuma ƙirga ƙwayoyi masu cibiya biyu, za ki ga sun ragu bayan rabuwar. Sassan da kike cirewa ranar tiyata kada ki zubar, ki daskarar da rabi ki jiƙa rabi a fomalin, su ne awa sifili na kowane ɓera. In na awa 40 sun fito, ki ɗora mana hotunan a nan mu duba tare.